Wayar da Ta Yi Magana da Yawun Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, magana ta zame masa aiki. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, leɓensa na dama a sake, jijiyar wuyansa a miƙe, kafin ta fito mutum ya isa ya ɗora ruwan shayi ya dawo. Mu kuma kowa da inda yake sammako. Yaya, babban wana, yana aiki a ofishin ruwa. Matarsa, da nake kira Anti, tana koyar da ƙananan yara har azahar. Ni ce auta, ina kitso a shagon uwar ɗakina a bayan kasuwa. Saboda haka muka koyi ƙarasa masa magana. Da ya buɗe baki sai wani ya ce, "Ruwa, ko?" ya miƙa masa kofi. Wani lokaci ruwan yake so. Wani lokaci karɓa kawai yake yi.

Hannunsa na dama yana kwance a kan cinyarsa kamar aro aka ba shi. Na hagun yana motsi, amma da rawa. In ya riƙe cokali sai ka ji yana ƙwanƙwasa masa haƙora. Duk mako muna kai shi asibiti a motsa masa gaɓoɓi, malamar da ke yi masa kuma kullum maganarta ɗaya: ana samun ci gaba, kada ku fasa kawo shi.

Yaya ne ya kawo wayar. Ya ce ba zai iya zama a ofis yana tunanin Baba shi kaɗai yana kallon silin ba. Ya haɗo da wani mariƙi mai dogon wuya kamar na zalɓe, ya ɗaure shi a ƙarfen gado, fuskar wayar ta tsaya daidai idon Baba. Ya buɗe masa shafin nan na gajerun bidiyo, ya rubuta manyan motoci, domin Baba a tuƙin tirela ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya saita ta yadda in wani bidiyon ya ƙare wani zai hau da kansa.

"Baba, duba nan," in ji shi, yana ɗaga murya kamar kunnen ne ya shanye. "Wanda ba ka so, ka tura shi sama da yatsa, haka. Wanda ya burge ka kuma ka taɓa shi sau biyu, tak-tak. Ka ga jar zuciyar nan da ta fito? To ka gaya mata kana so ke nan."

Rannan na makara zuwa shago. Kofi na shigo ɗauka, na tsaya da shi a hannu na kasa fita. Wata hanya aka nuno da aka sassaƙa a jikin dutse, tirela tana rarrafe a kai, gajimare kuma a ƙasa da tayoyinta. A ƙasa! Ni ban taɓa sanin akwai inda mutum zai leƙa ya hango gajimare a ƙarƙashinsa ba. Kafin in rufe baki an sauya: mota ce tana tafiya a kan ruwan da ya daskare, fari fat har iyakar gani, kana jin ƙanƙarar tana kuka a ƙarƙashinta. Sai wata hanya da ta nutse cikin ƙasa ta bi ta ƙarƙashin teku, fitilu na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan a cikin abin da bai fi tafin hannuna ba, a ɗakin da ke warin man zafi.

Baba bai ko ƙifta ido ba. Ƙafarsa ta hagu na ga tana danna katifa a hankali duk lokacin da motar ta zo gangara. Birki yake taka mata.

Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki sai bayan 'yan kwanaki ya faru. A bangon ɗakin Baba akwai tsohon hoto, shi yana saurayi ya jingina da motar da ya fara ja, mai dogon hanci, mai zagayayyun fitilu kamar idon mujiya. Ina shara da safe sai na ji ƙarar inji daga wayar, wata irin ƙara mai kauri da tari-tari, na kuma ji Baba ya yi wani sauti da ban ji ba tun kwanciyarsa. Dariya yake yi da rabin baki, hawaye na bin kuncinsa. Na leƙa. Irin motar ce sak, har madubin gefe, wani dattijo a wata ƙasa yana tayar da ita bayan ta daɗe a ajiye. Na dubi hoton bango, na dubi wayar. Babu wanda ya gaya mata. Hoton ma bayanta yake.

"Yaya, ganinmu take yi?" na tambaye shi da yamma, a hankali, don ban cika son a ji muryata ba.

Ya yi dariya. "Ba gani ba ne, Auta, lura ce. Akwai wani inji a can inda suka yi abin, mai ƙwaƙwalwa, ba ya gajiya. Yana lura da abin da ka tsaya kallo, da wanda ka ture, da wanda ka ba zuciya. Mutanen duniya kaf yake yi wa haka a lokaci guda, kowa da nasa. A hankali sai ya san ka fiye da matarka."

"To ka aure shi mana," in ji Anti daga kicin. "Ya dinga nemo maka safa da safe."

Na daɗe ina juya maganar. Inji ɗaya, yana riƙe da son ran kowa a duniya, bai kuma haɗa na Baba da na wani ba. Ni kitson mata biyar in na yi a rana sai in manta wadda ta ce kada a ja mata gaban goshi.

Daga nan ne muka fara tambayar wayar. Ba shawara aka yi ba, haka kawai abin ya shigo. Yaya ya dawo aiki, ya gaishe da Baba, sai ya karkato mariƙin ya duba abin da aka ba zuciya. Wata rana ya ga bidiyon masu ɓare lemo da jar zuciya a kai, washegari Anti ta cika faranti da lemo, Baba kuwa ya sha. Aka ce kun gani? Wata rana masu aski, aka kira wanzami. Yaya ya ce Allah ya ba Baba sabon baki. Ni ma na yarda, har nakan goge fuskar wayar da gefen mayafina kafin in fita, kamar wadda ke gyara wa baƙo wurin zama.

Ban san ranar da motocin suka fara raguwa ba. Na dai lura ɗakin ya daina ƙarar inji, ya koma wani kiɗa mai sanyi mai sa mutum ya tuna da wanda ya rasa. Tsofaffi ne suka cika wayar. Wani yana zaune a bakin gado, 'ya'yansa na faɗa a falo kan wanda zai yi masa wanka. Wata tsohuwa tana ninke kayanta a jaka tana share ido. Da farko da harsunan da ba mu ji, daga baya da namu. Wani dattijo mai farin gemu ya kalli mai kallo ido cikin ido ya ce, uba mai hankali ba ya bari ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa, yakan koma inda aka haife shi tun ana ganin girmansa. Na ga dattijon nan sau da yawa, yau a ɗaki mai shuɗin labule, gobe a tasha, fuska ɗaya amma murya daban, haƙoransa a jere kamar an auna. Yaya ya ce wasu ba mutane ba ne ma, inji ne ke zana su ya sa musu murya. Mutumin da ba a haifa ba yana yi wa Baba wa'azi a kan tsufa.

"Ba wannan ne abin dubawa ba," in ji Yaya. "Duba nan."

Kowanne da jar zuciyarsa. Kowanne.

Baba kuma ya rage cin abinci. In aka zo ɗaga shi zuwa banɗaki sai ya kawar da kai, ya ƙi haɗa ido da kowa. Ranar asibiti ya ƙanƙame ƙarfen gado har sai da Yaya ya lallashe shi.

Da yamma Yaya ya zaunar da mu a falo, ya rage murya. Idonsa ya yi ja. Ya ce ya yi waya da Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke can garin da aka haife su, tafiyar yini guda. Ta ce a kawo mata ɗan'uwanta, ɗaki na nan.

"Can babu asibitin da za a motsa masa gaɓoɓi," in ji Anti.

"Na sani."

"Ni fa ban taɓa cewa na gaji ba. Kada a je a ce matar ɗa ce ta kore shi."

"Wa ya ce kin gaji? Shi ne yake so. Mutum ya kasa magana, ya samu hanyar da zai gaya mana, kullum yana nanatawa, sai mu toshe kunne don muna jin kunyar mutane? Wallahi ni ma ba son raina ba ne." Ya juyo gare ni. "Auta, ba ki ce komai ba."

Ina da abin cewa. Gidan nan Baba ne ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, duk dawowa daga tafiya da buhun siminti a bayan mota. A ɗakin da yake kwance Umma ta rasu. In ya tafi, hannun da ya fara motsi zai koma ya kwanta, ni kuma sai dai in ji muryar Goggo tana ce min yana gaishe ki. Amma wace ce ni da zan yi musu da abin da ya nemo motar Baba a cikin duk motocin duniya? Na ce, "To." Aka tsayar da jibi, Yaya ya yi magana da mai mota.

Washegari a shago hannuna ne kawai ke aiki. Wata mai sayar da atamfa ce a gabana, cinyoyina sun riƙe kafaɗunta, uwar ɗakina tana wanke wa wata kai a gefe.

"Ke Auta," in ji uwar ɗakina, "wannan tsaga ce ko maciji ne ya wuce?"

Mai atamfa ta ɗaga madubi ta yi salati. "Yarinya, biki za ni, ba asibitin mahaukata ba."

Na ba ta haƙuri na fara warwarewa. Uwar ɗakina ta san halin da ake ciki, don ta tatse ni tun da safe, sai ta ba mai atamfa labari a gabana kamar ba na wurin.

"Waya?" Mai atamfa ta tafa hannu. "Ni za a gaya wa waya? Kwanaki muka yi faɗa da maigidan, na kwanta ina huci ina kallo. Wallahi kafin la'asar ta cika min ido da matan da suka bar gidan miji suna rawa, kowacce ta yi ƙiba ta yi haske. Har na jawo akwati. Sai da na tsaya na tuna faɗan ma a kan murfin kwano ne."

"Ita ina ruwanta da aurenki," in ji uwar ɗakina tana matse tawul. "Ki yi dariya, ki yi kuka, duk ɗaya ne a wurinta, ke dai kada ki ajiye ta." Ta dube ni. "Tashi ki tafi gida kafin ki mayar min da masu zuwa sanƙo. Je ki zauna da tsohonki, tunda gobe ne."

Ban taɓa dawowa gida a wannan lokacin ba. Rana tsaka, gidan shiru, Anti ba ta taso ba. Na cire takalmi a ƙofar falo don kada in tayar da Baba in barci yake. Ƙofar ɗakinsa a buɗe kaɗan, kiɗan nan mai sanyi na fitowa. Na tsaya ina leƙe.

Idonsa biyu. Dattijon nan mai farin gemu ne a wayar, yau a bakin wata rijiya. Fuskar Baba ta haɗe, irin haɗewar da yake yi da can in wani ya yi masa ƙarya a gabansa. Na ga hannun hagunsa ya taso daga kan bargo, a hankali, yana rawa kamar ganye. Ya miƙa yatsa. Sama yake son turawa, na ga yadda kafaɗarsa ta ɗaga. Amma da yatsar ta isa gilashin sai rawar ta kwashe ta, ta buga, ta sake bugawa. Tak-tak.

Jar zuciya ta buɗe a kan gemun dattijon, ta yi girma, ta ɓace.

Baba ya yi wani gurnani. Ya sake gwadawa, wata zuciyar ta fito. Hannun ya faɗi a kan bargo. Dattijon ya gama maganarsa har ƙarshe, wata tsohuwa mai jaka ta hau, Baba ya rufe ido, amma kunne ba shi da murfi.

Na dafa bango. Ashe wanda yake so ba ya taɓa shi, zuba masa ido kawai yake yi. Wanda ya tsana ne yake kai wa hannu. Injin nan da ke can wata duniya, mai lura da mutane kaf, ya ga zuciya ya ce an gode, ya ƙaro. Baba ya ture, ya ƙaro. Tun safe har yamma, kullum, su biyu a ɗaki, ɗaya na cewa tafi, ɗaya na jin ƙaro. Abin ya ba ni tsoro, amma ban daina mamakinsa ba: bai yi barci ba, bai yi kuskuren lissafi ko sau ɗaya ba, duk abin da aka taɓa ya riƙe. Rawar hannu ce kawai ba ya gani.

Na shiga na murɗa wuyan mariƙin, wayar ta kalli bango. Na durƙusa a gaban gadon.

"Baba, sannu. Na gani."

Ya buɗe ido.

"Baba, kana son tafiya wurin Goggo?"

Bakinsa ya fara motsi. Na ji harshena yana ƙaiƙayi in taimaka masa, na danne shi da haƙori. Ƙuda ya zagaya kofi ya tashi. Wani mai gyaran takalmi ya wuce a layi yana buga akwatinsa har sautin ya ɓace. Sannan kalmar ta fito, a jiƙe, a karkace.

"Nau… yi."

"Wa ya ce kai nauyi ne?"

Idonsa ne ya tafi kan bayan wayar ya tsaya.

Da yamma Yaya ya dawo da sabuwar jaka. Na bi shi har ƙofar ɗakinsu, na ce, "Yaya, zuciyar nan…" Ya juyo a gajiye, ya ce, "Auta, don Allah kada ki ƙara min. Kin ɗauka ni dutse ne?" Maganar ta koma ciki. Haka nake tun ina ƙarama, in aka dube ni kai tsaye sai kalmomin su watse kamar kaji. Na taya Anti ninke kayan Baba, muna yi ba mai kallon wani.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar gida. Anti ta yi wa Baba shiri, ta sa masa hula. Yaya ya shigo ya naɗe hannun riga zai ɗauke shi. Ban san lokacin da na tsaya a tsakaninsa da gadon ba.

"Matsa mana."

"Yaya, ka kunna masa wayar."

"Yanzu? Mai mota na jira."

"Ka kunna. Kada ka kalli wayar, hannunsa za ka kalla." Muryata ta fito siririya, amma ta fito.

Ya dubi Anti, Anti ta ɗaga kafaɗa. Ya murɗo mariƙin ya kunna. Ba a daɗe ba kiɗan ya taso, wani tsoho na zaune a bayan mota yana waigen gidansa. Hannun Baba ya taso. Muka bi shi da ido mu uku, yadda ya yi ta hawa yana karkarwa, yadda kafaɗa ta yunƙura sama, yadda yatsa ta zame. Tak-tak. Zuciya.

Anti ta rufe baki da tafin hannu. "Innalillahi. Har lemon?"

Yaya ya matso bakin gadon. Ya kama yatsar Baba a cikin hannunsa, ya ɗora ta a gilashin, ya tura sama tare da shi. Tsohon ya wuce. Baba ya sauke wani dogon numfashi. Wani tsohon ya hau. Suka ture. Wani ya hau. Suka ture, suka ture, kamar masu kwashe ruwa daga ɗakin da ke yoyo, ba su ƙare ba. Yaya ya kashe wayar ya zauna a bakin gado.

A waje mai mota ya danna hon.

Na ce, "Jiya na tambaye shi. Ya ce min shi nauyi ne."

"To kin ji," in ji Yaya, murya a dushe. "Ko ta ina maganar ta shiga, ta riga ta shiga. In yanzu haka yake ji fa? In zaman nan ne ke cin sa?"

"Ka tambaye shi."

Yaya ya sauko ya durƙusa, ya cire wa Baba hular da ta karkace ya gyara. Wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka yafe mana. Babu wanda ka yi wa nauyi a gidan nan. Ni ka goya ni a wuyanka har na yi maka fitsari a kunne, Umma ta sha ba mu labari. Amma ba zan yanke maka ba. Wurin Goggo kake so, ko nan?"

Leɓen Baba ya fara rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Anti ta matso, ta ce, "Baba, kuna nufin…" Na kama wuyan hannunta na matse. Ta yi shiru.

Muka jira. Ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Mai mota ya sake hon, ya gaji ya bari. Hasken taga ya sauko daga bango ya hau bargo. Ina kallon maƙogwaron Baba yana hawa yana sauka, harshensa yana neman wurin da zai dafa, gumi na tsatsafowa a goshinsa kamar mai ɗaga buhu. Duk abubuwan al'ajabin da na gani a wayar nan, duwatsu da teku da ƙanƙara, babu wanda ya riƙe min numfashi kamar wannan: mutum yana haƙo kalma ɗaya daga cikin jikin da ya ƙi shi.

"Ni…" Ya huta. "Ni… na… gina."

Ya ɗaga hannun hagu ya buga katifa, da gangan wannan karon, da dukan tafinsa.

"Nan."

Anti ta fashe da kuka ta fita da gudu, sai ga ta ta dawo ta ɗauki jakar ta zazzage kayan a kan kujera kamar jakar ce ta yi laifi. Yaya ya kifa goshinsa a gwiwar Baba ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya kwance mariƙin daga ƙarfen gado, ya tsaya da wayar a hannu yana jujjuya ta. Baƙin gilashi ne kawai, fuskarsa a ciki. Ba ta san ta yi komai ba. Ya zura ta a aljihu, ya zaro tasa ya kira Goggo, ya sa yadda kowa zai ji.

"Kun taso?" in ji Goggo, ko sallama babu.

"Goggo, an fasa. Baba ya ce yana nan."

"Ya ce? Da wane bakin? Ba kai ka ce min waya ce ke masa magana ba?"

"Da nasa, Goggo."

"Kai, ku 'ya'yan yanzu! Na share ɗaki, na kori kaji, na aro katifa, na gaya wa duk wanda na sani yayana na tafe. Yanzu in ce musu me? Ba ni babanku. Yaya! Kana ji na? Tun muna yara haka kake, a yi maka shimfiɗa ka ce a ƙasa za ka kwana. To tunda kai ba ka tasowa, ni zan zo, in ga wanda zai hana ka cin abinci a gabana."

Kafaɗar Baba ta hagu tana girgiza, dariya yake yi.

Yaya ya fita wurin mai mota. Ta taga na ji mutumin yana cewa shi fa ya ɓata safiyarsa, ina mara lafiyar? Yaya ya ce babu mai tafiya, amma akwai mai zuwa, ya kwatanta masa gidan Goggo, ya ce ya shirya kunnensa domin ba za ta yi shiru ba har su iso. Motar ta tashi babu kowa a baya. Ni kuma na buɗe durowar Baba na fara mayar da rigunansa.